Hutun da Aka Ɗora wa Inna

Akwai zaluncin da ake yi da bulala, akwai wanda ake yi da yunwa. Waɗannan kowa ya san su, kowa yana tsine musu. Amma akwai wani da ake yi da murmushi da "sannu": a ƙwace wa tsoho aikin hannunsa, a raba shi da abokin hirarsa, a ajiye shi a ɗaki kamar kwanon ado, sannan a fita waje ana bugun ƙirji wai an hutar da shi. Wannan laifi ba ya barin tabo a fata, shi ya sa ba a kai shi gaban alƙali. To shi za a tona a nan, wanda ya aikata ya ji kunya, wanda bai aikata ba ya shafa wa gemunsa ruwa.

Washegarin ranar da wani ma'aikaci da ake kira Manaja ya ɗauko mahaifiyarsa ya kawo ta gidansa, Inna ta riga kowa tashi. Ta yi salla, ta ɗaura ɗankwali, ta laluba bayan ƙofar kicin ta sami tsintsiya. Tsakar gidan siminti ne, ba wani datti sai ganyen da iska ta kaɗo, amma ita hannunta bai san gari ya waye ba sai ya yi shara. Ta sunkuya ta fara daga lungu, tana yi tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Ba ta kai tsakiya ba sai ga surukarta, matar Manaja, ta fito da sauri.

"Subhanallahi! Inna, me zan gani haka? Kawo, kawo don Allah."

"Ke 'yar nan, bar ni in miƙe ƙashina. Kun tashi lafiya? Ya kwanan yaran?"

"Lafiya lau, Inna. Amma in wani ya leƙo ya gan ki da tsintsiya, ina zan sa kaina? Cewa za a yi na mai da uwar mijina baiwa."

"Wa zai leƙo? Gidan nan naku ko ƙadangare sai ya nemi izini."

Matar ta yi dariya, amma dariyar ba ta hana ta zare tsintsiyar ba. Ta kama hannun Inna a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, ta mai da ita ɗaki, ta zaunar da ita bakin gado, ta kunna mata fanka.

"Ki huta, Inna. Kin yi wahalar duniya ta isa. Yanzu lokacinki ne na ci da kwanciya."

Inna ta dubi tafin hannunta, ta dubi bango. Ta ce a ranta, baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa, bari a kwana biyu za su saba da ni.

Ba su saba ba. Ta leƙa kicin ta ce a ba ta albasa ta yanka, aka ce za ta sa mata hawaye. Ta ce a ba ta kwanuka ta ɗauraye, aka ce na tangaran ne, suna da santsi. Ta ce to ko jaririn ta goya, aka ce bayanta. Akwai wata mata mai aiki, babba ce ba yarinya ba, tana zuwa da safe ta tafi da la'asar. Inna ta ja kujera kusa da ita tana wanke-wanke, ta fara jan ta da hira.

"Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa? Miƙo tukunyar nan in kankare miki gindinta, na ga tana ba ki wuya."

Mai aikin ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Inna, ki rufa mini asiri. An ce in aka ga kin taɓa ko cokali, a bakin aikina. An kuma ce kada in riƙa cika ki da surutu, wai kanki zai yi ciwo."

"Kaina? Shirun nan ne ke sa shi ciwo."

"Na sani, Inna. Amma ni ma marayu nake ciyarwa."

Inna ta ɗauki kujerarta ta koma ɗaki. Ba ta ga laifin matar ba. Mai neman abinci ba ya wasa da ƙofar da yake samu.

Abu guda ta ƙi saki, wankin kayanta. Ta ce tun da ta yi wayo ba wanda ya taɓa wanke mata zanin ciki, ba kuwa za a fara da tsufanta ba. Suka ga abin bai kai a yi rigima ba, suka bar mata bokiti ɗaya da sabulu, da sharaɗin ta yi a bayan gida inda baƙo ba ya zuwa. A can akwai famfo, akwai igiyar shanya, akwai kuma wata gajeriyar katanga da ta raba su da maƙwabta, iyakarta ƙirjin mutum.

Tana cikin shanya wata safiya sai ta ji murya daga ƙetare.

"Salamu alaikum, mai sabon zani! Wannan matsar taki ba ta fitar da ruwa ba. Ko hannun ya tsufa ne?"

Inna ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ce baƙa siririya, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, ta ɗora haɓa a kan katanga tana murmushi da haƙori uku.

"Wa alaikumus salam. Hannun da ya tsufa ya fi idon da ya shanya riga a juye."

"Ni tela ce, ɗinkin nake dubawa!"

"To Allah ya ba da sa'a, kada ki gano na wani ne ya fi naki."

Suka tuntsire da dariya su biyu, har Inna ta dafa igiya. Rabonta da dariya irin wannan tun kafin ta shigo gidan.

Daga ranar, wanki ya zama wa Inna kamar kasuwa. Zanin da ba ta ɗaura ba ma sai ta tsoma shi a ruwa don ta sami dalilin fita. Tela kuwa ido ya hana ta hawa keken ɗinki, ɗanta da matarsa suna fita aiki su bar mata gida da jikoki da aikin da ya fi ƙarfinta, ga baki kamar rediyo. Da ta ji ƙarar bokiti sai ta leƙo.

"Sarauniyar ɗaki, an fito? Ina kwana, ya gwiwa?"

"Gwiwa tana gaishe ki. Jiya da na durƙusa sai da ta yi mini sallama. Ya taki?"

"Tawa ai mun rabu, kowa na zaman kansa. Kin ji hadarin jiya? Na kwashe shanya da gudu, ashe ruwan tsokana yake."

"Haka yake yi, kamar alkawarin suruki."

"Ke dai bari! Wai man da ya zuba a rigar jikana, me ke fitar da shi?"

"Ki barbaɗa masa toka ki bar shi ya sha rana, sannan ki wanke da ruwan ɗumi. Ke tela ce ba ki san wannan ba?"

"Ni ɗinkawa nake yi, ɓatawa aikinsu ne."

Ba wata magana mai nauyi. Daga kyanwar da ta saci kifi, sai albasar bana da ba ta da yaji, sai wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya. Amma rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, irin wannan hirar kuwa ita ce ruwan tsoho.

Wata rana Tela ta zo da tire cike da wake tana tsinta a kan katanga, tana kai shi kusa da hanci saboda ido. Inna ta tsaya tana kallo, yatsunta suna motsi su kaɗai.

"Ƙawa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa kamar mai roƙon bashi, "ba ni in tsince miki."

"A'a, ni in sa uwar Manaja aiki?"

"Don girman Allah ki ba ni. Hannuna ƙaiƙayi yake yi."

Tela ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana dubanta, sannan ta turo tiren. Inna ta zauna a kan bokitin da ta kifa, ta ɗora tire a cinya. Tsakuwa gefe, mai ƙwaro gefe, mai kyau gefe. Kafin rana ta ɗaga ta gama, ta miƙa. Ranar ta ci abincin rana har ta nemi ƙari.

Shi ke nan aka buɗe hanya. Yau wake, gobe shinkafa, jibi maɓallin rigar makaranta ko zaren da ya harɗe. Wasu satar kaya suke yi ta kan katanga, Inna satar aiki take yi. Ta yi ƙiba, tafiyarta ta miƙe. Manaja da kansa ya ce wa matarsa, "Kin ga amfanin hutu? Dubi yadda Inna ta murmure."

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar matar Manaja ta yi baƙi, ƙawayenta na wurin aiki, ta zagaya da su bayan gida don ta nuna musu inda za a yi sabon ɗaki. Sai ga Inna zaune a kan bokiti, zani ya tattare zuwa gwiwa, tana yankan kuɓewar maƙwabta, Tela a kan katanga tana ba ta labari.

"Sannunku da zuwa, 'yan mata!" in ji Inna da fara'a. "Ku matso ku gaisa da ƙawata."

Ɗaya daga cikin baƙin ta ce, "Ah, wannan ce mai aikin taku? Ta manyanta kuwa."

Fuskar matar Manaja ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi.

Da yamma Manaja ya shigo ɗakin Inna. Rabonsa da ya wuce bakin ƙofa an jima. Bai zauna ba.

"Inna, me na rage ki da shi a gidan nan?"

"Ba komai, Auta. Zauna mana."

"Abinci ne babu? Sutura ce? Magani ne? Me za ki nema a wurin maƙwabta har ki zama 'yar aikatau ɗinsu? Kin san matsayina kuwa? Gobe a ofis a ce uwar Manaja tana yanka wa mutane kuɓewa!"

"Ba biyana take yi ba, ɗan nan. Ni na roƙe ta."

"Wannan ai ya fi muni! Sai a ce yunwa muke bar ki da ita."

"Yunwa kam ina ji, amma ba ta ciki ba." Ta gyara zama, ta sassauta murya. "Auta, ƙarfen da ba a aiki da shi tsatsa ke cinye shi. Ni ban iya zaman banza ba. Ku ba ni ko share ƙofar kicin, ku bar ni in ce wa mutum ina kwana ya ce mini lafiya. Iyakar abin da nake nema ke nan."

"Duk abin nan don lafiyarki muke yi. Ke ba ki san hawan jini ba ne. Kuma matar can, me kika sani game da ita? Irinsu ne masu kwashe sirrin gida su kai waje."

"Wane sirri gare ni, in ba ciwon gwiwa ba?"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce, "Za mu yi magana," ya fita. Ba su yi ba.

Cikin makon aka kawo injin wanki, aka ɗauke bokitin Inna aka ce ya tsage. Bayansa sai ga magina da bulo da siminti. Inna ta tsaya a taga tana kallo suna ɗora layi bisa layi a kan gajeriyar katangar. Tela ta leƙo daga ƙetare, kanta kawai ake gani.

"Sarauniya! Me ake yi haka? Kurkuku za a gina miki?"

"Wai saboda ɓarayi ne, Ƙawa," Inna ta amsa ta taga.

"Ɓarayi? To ai ni ce ɓarauniyar, haƙorina uku!"

Maginan suka yi dariya. Inna kuwa ta ci gaba da kallon bulo yana hawa. Kafin la'asar tabarau ɗin Tela ya ɓace, sai ɗankwalinta, sannan shi ma ya ɓace. Aka jera fasassun kwalabe a sama.

Manaja ba mugu ba ne a idon duniya. Ya sayo talabijin babba ya kafa mata a bango. Ya sa mata ƙaramin firji. Ya canza mata katifa. Kowace safiya zai tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗaya.

"Inna, an tashi lafiya? Akwai abin da kike so?"

"Shigo ka zauna, Auta, in ba ka labarin mafarkin da na yi."

"Na makara, Inna. Sai na dawo."

In ya dawo ya gaji. In ta ce za ta zagaya ta ƙofar gida ta gai da Tela, sai a ce titi akwai motoci, a bari sai an sami mai raka ta. Mai rakiyar bai taɓa samuwa ba. Tela ta zo da kanta har sau biyu, tana dogara sanda, aka ce mata Inna tana barci. Jikoki kuwa, in ƙaramin ya ruga ɗakinta ta ce, "Zo nan, maigidana, yau me ka kawo mini na cefane?" sai uwarsa ta ƙwala kira: "Fito ka bar Inna ta huta! Ka yi aikin makarantarka?"

Da farko Inna takan je gindin sabuwar katangar ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa. Wani lokaci takan ji an ƙwanƙwaso daga can, da wata murya da ba a gane abin da take faɗa. Kunnuwan tsofaffi biyu ba su iya huda bulo. Suka yi ta yi har suka gaji.

Sai ta koma ninke kaya. Ta fito da zannuwanta daga akwati, ta warware, ta ninke, ta jera, ta sake warwarewa. Ta share kan gado da tafin hannu ko da ba ƙura. Ta fara gai da mai karanta labarai a talabijin: "Sannu da aiki, ɗan nan, ya iyali?" In bai amsa ba ta ce, "Shi ma sauri yake yi." Yara suka leƙo suna dariya, uwarsu ta ce tsufa ne. Abincin da ake ajiye mata a kan tebur ya fara komawa kicin kamar yadda ya zo. Da aka gaya wa Manaja, sai ya sayo maganin ƙarin cin abinci.

Wata rana da hantsi ta ji kuka ya tashi ta bayan katanga, kukan mata da yawa. Ta miƙe tsaye, zani a hannunta. Mai aiki ta shigo da shayi, idonta ja.

"Baiwar Allah, kukan me nake ji?"

Matar ta ajiye kofi, ta rasa inda za ta sa idonta. "An ce kada in gaya miki, Inna. Amma ina tsoron Allah. Tela ce. Da asuba."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafinta, ta sa takalmi a juye, ta nufi ƙofar gida. A kulle take. Ta tsaya tana jijjiga ƙarfen har surukarta ta fito.

"Inna, ina za ki?"

"Zan je in ga ƙawata kafin a ɗauke ta."

"Cikin wannan cunkoson? Ki faɗi a ce mun yi sakaci? Bari Baban yara ya dawo ya kai ki a mota."

"Gidan ga shi nan, 'yar nan. Bango ɗaya ne."

"Ki yi haƙuri dai, Inna."

Baban yara ya dawo bayan an kai Tela makwancinta. Ya ce ya riga ya tsaya a ƙofar gidan ya yi gaisuwa a madadin kowa, ya isar. Ya ce ganin gidan mutuwa ba zai yi wa jininta kyau ba. Inna ta koma ɗaki. Ta cire mayafin, ta ninke shi, ta ajiye.

Daga ranar ba ta ƙara cewa kowa ya shigo ya zauna ba. Aka ce Inna ta saba, ta kwantar da hankalinta. Matar Manaja har tana gaya wa ƙawayenta, "Surukata ba ta da matsala, ko motsinta ba za ka ji ba." Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Inna ta fara manta ko ta yi salla. Ta fara tambayar mai aiki ina ne banɗaki, a ɗakin da ta shekara a ciki. Wata rana aka same ta tana ninke labulen taga tana kiran sunan mutanen da suka daɗe da mutuwa.

Sai a lokacin aka kai ta asibiti. Likita ya gwada abin da zai gwada, sannan ya juyo ga Manaja.

"Da wa take hira a gida? Me take yi da hannunta da rana?"

"Likita, ba abin da ta rasa. Talabijin, firji, fanka, komai akwai. Ko tsinke ba ma bari ta ɗaga."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba," in ji likita. Ya rubuta magani, ya ce irin wannan mantuwa takan zo da shekaru, amma kaɗaici yana ƙara mata gudu. Ya ce abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Maganar ta tsaya wa Manaja a rai. Ran Lahadi da la'asar ya kashe wayarsa, ya shiga ɗakin Inna, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Tana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, ta rame har zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Da ta gan shi sai ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe kai, ta zamo daga gado za ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ina wuni? Ya iyali?"

"Inna, mene ne haka? Tashi, tashi. Hira na zo mu yi. Ba ni labarin mafarkin nan."

"Ayya, ba na mafarki yanzu." Ta yi murmushin kunya irin na baƙo. "Kai ne mai gidan nan, ko? Allah ya saka da alheri. Ana ba ni abinci a kan lokaci, ba a taɓa yi mini tsawa ba. Amma ina da roƙo, in ba zan takura maka ba."

"Faɗi, Inna. Ko mene ne."

"Ka aika wa ɗana ya zo ya ɗauke ni. Na daɗe a gidan mutane."

Manaja ya matso kusa da ita. "Inna, ni ne. Ni ne Auta. Dube ni da kyau."

Ta dube shi da kyau, har ta karkata kai. Sannan ta yi 'yar dariya.

"Kai dai akwai barkwanci. Ɗana ai ba ya tsayawa a bakin ƙofa. In ina wanke-wanke yana gefena yana ɗauraya, bakinsa ba ya rufuwa, sai na ce ya yi mini shiru. In ka gan shi za ka gane shi, duk inda ake hira yana wurin."

Hawaye ya zubo masa. Ya kama ƙafafunta da hannu biyu. "Inna, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini."

Ta janye ƙafarta a hankali, don ba ta saba namiji baƙo ya taɓa ta ba.

"Me ka yi mini, bawan Allah? Kai ai alheri ka yi. Ɗana dai nake jin haushi, shi da ya kawo ni nan ya ajiye ya tafi. Shi ne zai zo ya nemi yafiya, in ya ga dama. Har ya zo ina nan ina jira."

Ta juya ta ɗauki zani ta fara ninkewa.

Inna tana nan da rai har yanzu. Tana ci in an ba ta a baki, tana gode wa mai gida, tana tambayar ko ɗanta ya aiko. Manaja ya zaga da ita asibitoci, ya rage fita, yana zama a ɗakinta har ƙafarsa ta yi sanyi, yana ba ta labarin kasuwa da ruwan sama da kyanwar maƙwabta. Takan saurara da ladabi, kamar yadda ake sauraron baƙo, in ya gama ta ce, "Allah ya huta gajiya." Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Ga abin da ya rasa, a ƙirga masa. Ya rasa uwa alhali tana numfashi a ɗakin da ke kusa da nasa. Ya rasa bakin da ke kiransa Auta, ba kuwa wani baki a duniya da zai ƙara kiransa haka. Ya rasa yafiyarta, don tana riƙe da ita tana jiran wani yaro da ba zai taɓa shigowa ba. Ya rasa maƙwabta, don tun da ta kwanta ba wanda ya taka ƙofarsa ya ce ya mai jiki. 'Ya'yansa sun tashi ba su san kakarsu tana da dariya ba, abin da suka koya kawai shi ne yadda ake ajiye wa tsoho abinci a ja masa ƙofa, kuma shi ma furfura ta fara fito masa. Mutuncin da ya tsare kuwa yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Har gobe in an zauna a ofis ana cewa, "Ku yi koyi da Manaja, ko tsinke uwarsa ba ta ɗagawa." Shi kuma sai ya sunkuyar da kai, don shi kaɗai ya san abin da ya biya.